Na ci Turanci a WAEC, to me ya sa in na buɗe baki nake kwafsawa?

Tambayoyin nan ƙannenmu ɗaliban ABU ne ke yawan yi min su, na Samaru da na Kongo, musamman 'yan ajin ƙarshe in difens (kare aikin bincikensu da baki a gaban malamai) ya matso, shi ne na ce bari in amsa su waje ɗaya.

Ina da kiredit a Turanci, na ci JAMB, to ina matsalar take?

Ai ƙanena duk jarrabawar nan babu wadda ta taɓa sa ka buɗe baki. Hatta takardar oral ta WAEC zaɓi ne na A, B, C, D, kana iya cinye ta bakinka a rufe. A rubutu kana da lokacin komawa baya ka goge, a magana kuwa lokaci guda kake neman kalma, kake jera ta, ga ido ya yi maka yawa, ga lakcara ya haɗe rai yana jiranka. Masanin nan na Amurka Stephen Krashen ya yi bayanin cewa dokar nahawu da ka haddace kamar mai gadi ce, sai ta samu lokaci da natsuwa take iya tare kuskure. Shi ya sa wanda ya san "he goes" sarai a takarda zai miƙe a aji ya ce "he go".

Wai Hausa ce ke ɓata mana Turanci?

Ba ɓatawa ba ce, tsarinta ne daban, kuma kowa da harshen da ya tashi da shi yake auna sabo. Duba nan: na tafi, zan tafi, ya tafi. "Tafi" ɗin bai motsa ba, ɗan abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. Turanci kuma a wutsiyar aikatau yake liƙa -ed da -s, wurin da kunnenmu bai saba sauraro ba, sai ka ji "yesterday I call him". Haka "borrow me your pen", ara min ce tsaf aka juya, don mu aro ɗaya muke da shi, su kuma sun raba lend da borrow. "I am having a car" ina da mota ce. Wadda ta fi haɗa rigima ita ce amsa, in aka ce maka ba ka kawo asamen ba, ka ce e, ma'ana e ban kawo ba, to a Turanci "no" ake cewa a nan. Na ga wata ƙanwarmu a gaban malami, ya ce "you didn't submit?" ta ce "yes sir", ya ce to ina yake, ta ce ai ba ta kawo ba, ransa ya ɓaci yana ganin raini ne, alhali yarinyar gaskiya ta faɗa da tsarin Hausa.

Amma fa muna da inda muka huta. Shi da ita a jininmu suke, don haka rikita he da she bai cika damunmu ba kamar masu harsunan da ba sa rabawa.

An sha gyara min kuskure ɗaya amma yana dawowa, ko ƙwaƙwalwata ce?

Lafiyarta ƙalau. Tun 1972 Larry Selinker ya yi rubutu a kan yadda mai koyon harshe na biyu ke gina wani tsari nasa a tsakiya, kuma wasu kurakuran kan daskare a ciki. In ka shekara goma kana cewa "informations" da "furnitures" kowa na gane ka, babu abin da zai tilasta wa bakinka ya canja. Ƙara da cewa awa nawa ma muke Turancin? A hostel Hausa ko buroka, a kasuwar Samaru Hausa, a aji malami ne ke magana kai kana kwafa.

To me zan yi kafin difens?

Kada ka koma haddar littafin nahawu daga farko, dokokin ka san yawancinsu. Ɗauki wayarka ka yi rikodin ɗin kanka minti 2 kana ba da labarin abin da ka yi jiya, sannan ka saurara da biro a hannu. Za ka ji da kunnenka inda -ed ya faɗi. Sake ba da labarin nan dai, sau 3, kowane zagaye zai fi na baya tsafta don ka daina neman abin faɗa, hankalinka ya koma kan yadda ake faɗa. Kuskure ɗaya za ka bi a sati, ba goma ba. In ka samu aboki ku ware minti 15 bayan la'asar ba Hausa, ya fi.

In abokina ya kwafsa a gaban mutane in gyara masa?

Don Allah a'a, wannan dariyar ta bayan aji ita ta rufe bakin yara da yawa masu ƙoƙari, har su gama aji huɗu ba su ɗaga hannu ba. In ku biyu ne, ya ce "she come yesterday", kai dai ka ce "oh, she came yesterday?" ka ci gaba da hira, ya ji. In kuma a aji ne, bari sai kun fito kuna hanyar laburaren Kashim Ibrahim ka faɗa masa a hankali.