Neman hutun jinyar ƙiba a wurin aiki: abin da dokar Amurka ta tanada

A ce ga wata mata tana aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti a Amurka. Ƙiba ta jawo mata ciwon sukari da ciwon gwiwa, likita kuma ya sa mata ranar tiyatar rage girman tumbi, wato jakar da abinci ke sauka a cikinta, nan da wata biyu. Ta amince da tiyatar, inshora ma ta amince. Saura abu ɗaya da ke hana ta barci, wato yadda za ta tunkari shugaban sashensu. Sau uku tana zuwa bakin ofishinsa tana juyawa, don ta san abin da wasu ke faɗa a bayan ido: wai mai ƙiba shi ya ja wa kansa, ya rage ci mana.

Abin da matar nan ba ta sani ba shi ne, dokar da za ta kare ta ba ta tambayar nauyinta ko kaɗan, kuma ba ruwanta da ra'ayin shugaba a kan ƙiba. Jinya take dubawa, da abin da likita ya rubuta.

Sunan dokar a taƙaice FMLA, dokar hutun iyali da jinya, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Fabrairun 1993. Ta ba ma'aikaci damar ɗaukar hutu har mako 12 a cikin wata 12 idan yana fama da rashin lafiya mai tsanani. Hutun ba na albashi ba ne, gara a san wannan tun farko. Abin da ke cikinsa shi ne aikinka yana nan yana jiranka, ko wani daidai da shi a albashi da matsayi, sannan inshorar lafiyar da kake samu ta wurin aiki ba za ta yanke ba muddin kana biyan kasonka. A ƙasar da yawancin masu aiki ta hanyar kamfani suke samun inshora, wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga wanda za a yi wa tiyata.

Ba kowa dokar ta shafa ba. Kamfani mai zaman kansa sai yana da ma'aikata 50 ko fiye, amma hukumomin gwamnati da makarantun firamare da sakandare suna ciki komai ƙanƙantarsu. Shi kuma ma'aikacin sai ya yi wata 12 a wurin, ya kuma yi aikin awa 1,250 a shekarar da ta gabaci hutun, kusan awa 24 ke nan a kowane mako. Akwai sharaɗin da ke ba mutane mamaki: dole a samu ma'aikatan kamfanin 50 a tsakanin mil 75 daga inda kake aiki. Saboda haka mai aiki a ƙaramin reshe can nesa zai iya rasa wannan haƙƙi ko da kamfanin na da dubban mutane a wasu jihohi.

To, yaushe maganin ƙiba ke zama "rashin lafiya mai tsanani" a idon doka? A nan ne ya kamata a ɗan tsaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwana a asibiti. Duk jinyar da ta sa aka kwantar da mutum ya kwana ko da dare ɗaya ne ta shiga, tare da kwanakin murmurewa da ke biyo baya. Tiyatar rage tumbi ko ta karkatar da hanyar abinci yawanci ana kwana ɗaya ko biyu a asibiti, don haka matar da muka fara da ita ba ta da wata matsala ta wannan fuska. Idan ba a kwana ba, akwai wata ƙofar: rashin iya aiki fiye da kwana uku cur a jere, haɗe da ganin likita sau biyu cikin kwana 30, ko sau ɗaya tare da maganin da ya rubuta a ci gaba da sha. Ƙofa ta uku ta ciwon da ke tare da mutum ce, irin su ciwon sukari, wanda ke bukatar ganin likita aƙalla sau biyu a shekara kuma yakan kwantar da mutum lokaci zuwa lokaci. Gwaje-gwajen da ake yi don gano ko akwai irin wannan ciwo, ko don auna inda ya kai, su ma ana lissafa su a matsayin jinya.

Abin da bai shiga ba kuwa shi ne aikin kwalliya. Wanda ya je a zuƙe masa kitsen ciki don gyaran sura kawai bai cancanci hutun ba, sai fa idan an kwantar da shi ko aikin ya haifar da matsala. Haka nan motsa jiki da sauran abubuwan da mutum zai iya farawa da kansa ba tare da ganin likita ba, su kaɗai ba su isa a kira su jinya ba. Wato rajista a gidan motsa jiki ba za ta ba ka hutun FMLA ba, komai kyawun niyyarka.

Masu allurar rage ƙiba ta mako-mako irin Wegovy, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021, suna tsaka-tsaki. Yin allurar kansa ba ya hana aiki. Amma ana ƙara yawan maganin ne mataki-mataki duk bayan mako huɗu, kuma wasu kan sha fama da tashin zuciya da amai a lokacin ƙarin. Ko waɗannan ranakun za su shiga cikin hutun ya dogara ne da abin da likita ya shaida game da ciwon da ake yi wa magani.

Nan ne amfanin wani ɓangare na dokar da mutane da yawa ba su san da shi ba ke fitowa. Ba dole ba ne a ɗauki mako 12 ɗin a dunƙule. Idan jinya ta bukaci haka, ana iya tsinkarsa kaɗan-kaɗan: awa biyu yau don ganin masanin abinci, rabin yini mako mai zuwa don gwajin jini. Mai aikin awa 40 a mako yana da awa 480 ke nan da zai riƙa cira. Kafin tiyatar ƙiba akwai zirga-zirga da yawa, domin kamfanonin inshora da dama kan nemi a yi watanni ana bibiyar mutum kafin su amince. Shi ma mai kamfani yana da nasa haƙƙin a nan: ana so ma'aikaci ya yi ƙoƙarin tsara ranakun asibiti yadda ba za su dagula aiki ba, kuma ana iya mayar da shi wani gurbi na ɗan lokaci, mai albashi iri ɗaya, wanda ya fi dacewa da fita da shigowa.

Yanzu ga maganar da za a faɗa wa shugaba. Idan an san ranar jinya tun da wuri, doka ta ce a ba da sanarwar kwana 30. Wanda ya yi shiru ba dalili har ranar ta matso, ana iya jinkirta masa hutun. Idan kuwa abin ya zo bagatatan, sai a sanar da zarar an samu hali. A karon farko ba sai ka ambaci sunan dokar ba, amma dole ka faɗi abin da zai sa a gane cewa lamarin na iya shiga ƙarƙashinta. Ka buga waya ka ce "ba ni da lafiya" kawai, wannan bai wadatar ba.

Matar nan za ta iya shiga ta ce: "Yallaɓai, likitana ya sa mini ranar tiyata, 14 ga wata mai zuwa. Za a kwantar da ni, kuma ya ce zan yi kamar mako uku kafin in dawo. Ina so in cike takardun hutun jinya." Shi ke nan. Idan ya ce, "Subhanallahi, tiyatar mece ce haka?" tana iya amsawa cikin ladabi: "Na gode da kulawa, yallaɓai. Bayanin yana cikin takardar likita da zan kai sashen kula da ma'aikata." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ɓoye abin da doka ta wajabta mata faɗa ba. Ni dai shawarata, ta biyo bayan maganar da ɗan gajeren imel mai ɗauke da kwanan wata, domin maganar baka takan ɓace ranar da aka fi bukatarta.

Daga nan agogo ya fara juyawa a ɓangarorin biyu. Kamfani yana da kwanakin aiki 5 ya sanar da ita ko ta cancanta. Zai iya neman shaidar likita, ita kuma tana da aƙalla kwana 15 ta kawo. Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka tana da fom na musamman don wannan, WH-380-E, kuma ba a tilasta wa likita ya rubuta sunan ciwon a ciki ba. Abin da ake bukata shi ne lokacin da ya fara, tsawon da zai ɗauka, da isasshen bayanin da ke nuna ba za ta iya aiki ba. Idan fom ɗin ya zo da giɓi, sai a rubuto mata abin da ya rage a ba ta kwana 7 ta gyara. Kamfanin da ke shakka zai iya tura ta wurin wani likita da kuɗinsa, idan likitocin biyu suka saɓa a je ga na uku, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Wani tanadi da nake ganin an yi hikima a cikinsa: shugabanta na kai-tsaye ba shi da izinin tuntuɓar likitanta ko da wasa. Takardun lafiyar kuma a keɓe ake ajiye su, ba a cikin fayil ɗinta na yau da kullum ba.

Batun kuɗi yana bukatar lissafi tun kafin ranar. Ma'aikaci na iya haɗa hutun da kwanakinsa na hutun shekara ko na rashin lafiya masu albashi, kamfani ma na iya tilasta hakan. Wasu jihohi kamar Kalifoniya da New York suna da nasu tsarin da ke biyan wani kaso na albashi, wasu kamfanonin kuma suna da inshorar rashin iya aiki na gajeren lokaci.

Wanda FMLA ba ta shafa ba, ko wanda makonninsa 12 suka ƙare, yana da sauran dama a dokar kare masu nakasa ta 1990, ADA, wadda ta hau kan kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. A ƙarƙashinta hutu na iya zama sassaucin da ya wajaba kamfani ya yi, in dai ba zai jefa shi cikin wahala mai yawa ba. Sai dai a nan ƙiba ita kaɗai ƙafarta ba ta da ƙarfi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ta a matsayin cuta tun 2013, amma kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da dama ba su bi wannan layi ba. A 2019, a shari'ar wani direban bas a Chicago, kotu ta ce ƙiba ba nakasa ba ce sai in wani ciwo ne a jiki ya haddasa ta. A shekarar ce kuma kotun ƙolin jihar Washington ta ce a dokar jiharta ƙiba na cikin abin da ake karewa. Jihar Michigan ta haramta nuna bambanci saboda nauyin jiki tun shekarun 1970, birnin New York ya bi sahu a 2023. Ƙasa ɗaya, hukunci iri-iri. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, mai neman sassauci ta hanyar ADA ya fi tsayawa da ƙafafunsa idan takardar likita ta ambaci ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko ɗaukewar numfashi cikin barci, maimakon nauyi kawai.

Idan aka hana hutun ba bisa ƙa'ida ba, ko aka rage wa mutum matsayi don ya ɗauka, zai iya kai ƙorafi sashen albashi da lokutan aiki na Ma'aikatar Ƙwadago, ko ya shigar da ƙara cikin shekara biyu, uku idan da gangan aka take dokar. Ƙorafin ADA kuwa EEOC ake kai wa, wato hukumar tarayya mai hana nuna bambanci a wurin aiki, kuma wa'adinsa gajere ne, kwana 180, ko 300 a jihohi da yawa. Hutun dai ba garkuwa ba ne daga komai: idan an rufe sashen gaba ɗaya matar nan tana gida, ba dole a dawo da ita ba.

Ranar dawowa ma tana da nata shiri. Kamfani zai iya neman takardar likita da ke cewa ta warke za ta iya aiki, muddin ya sanar da ita haka tun lokacin da ya amince da hutun kuma haka yake yi wa kowa. Bayan irin wannan tiyata likitoci kan hana ɗaga kaya masu nauyi na wasu makonni, abinci kuma kaɗan-kaɗan ake ci sau da yawa, ana kurɓar ruwa duk yini. Mai tsayuwa a kan na'urar kuɗi awa takwas tana bukatar a bar ta da gorar ruwa a gefe da ɗan hutun minti goma nan da can, kuma a ɗauke mata jidon kwalaye. Waɗannan ta roƙi likita ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takardar dawowa, da ranar da kowane zai ƙare, ta miƙa wa sashen kula da ma'aikata kwana biyu ko uku kafin ta koma.