Wa ya ce gwamnati za ta ƙwace tsohon soronka?

Kwanakin baya wasu matasa uku suka shigo garinmu da kyamara da igiyar awo, suna bin tsofaffin zaure suna ɗaukar hoto. Ɗaliban zanen gine-gine ne, aikin makaranta ya kawo su. Amma kafin a kira la'asar labari ya cika majalisu cewa gwamnati ce ta turo a rubuta gidajen tarihi, kuma duk gidan da ya shiga takarda ya fita daga hannun magada. Ba a yi sati biyu ba wani dattijo a unguwarmu ya sa lebura suka kwantar da zauren kakansa. Na tsaya ina kallo ana zare azara ɗaya bayan ɗaya, baƙa wuluk, ko gara ba ta taɓa ta ba, ɗaurin gugan da ke riƙe da rufin kuwa sai da aka sha wahala kafin ya saki. Da na ce masa, “Baba, me ya yi zafi haka?” sai ya ce gara ya rushe da hannunsa ya yi shaguna, da a zo a raba shi da gadonsa.

To, dokar da ake tsorata mutane da ita tana nan, ba ƙirƙira ba ce. Ita ce wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta gaji dokar kayan tarihi ta 1953 ta zamanin Turawa. Sai dai abin da ta ce daban, abin da ake faɗa a bakin titi daban.

Tsufa kaɗai ba ya mayar da gini na gwamnati. Kafin wuri ya zama abin tarihi na ƙasa, dole hukumar ta buga sanarwa a gazet, wato takardar da gwamnati ke buga sanarwoyinta a ciki, mai wurin kuma yana da wata biyu ya rubuta ƙorafinsa, sannan Shugaban Ƙasa ne ke ayyanawa. Ba aikin ɗalibi da kyamara ba ne, ba kuma na kansila ko hakimi ba. Jerin da aka daɗe ana aiki da shi wurare 65 ne kacal a duk faɗin Najeriya. A cikinsu akwai badalar Kano da Gidan Makama, da ganuwar Zariya, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da kufan Surame, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da Gidan Madaki na Kafin Madaki a jihar Bauchi, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka ayyana tun 1956. Ka duba yawan garuruwa masu ganuwa a ƙasar Hausa, ka gwada da wannan adadi, za ka gane cewa zauren kakanka ya fi kusa da a manta da shi fiye da a ƙwace shi.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne shekarar 1918. Wani ya ji an ambace ta, sai ya yanke hukunci cewa duk gidan da ya girmi 1918 ya zama na hukuma. Ba haka zancen yake ba. Shekarar ta fito ne wajen bayanin kayan fasaha da na sana'ar hannu na 'yan ƙasa: ƙyaure, ginshiƙi mai sassaƙa, tambari, takobi, sulke, kayan sarauta, littafin da aka rubuta da hannu. In an yi su kafin 1918, ko kuma suna da darajar tarihi kuma an yi amfani da su a bukin gargajiya, doka na kallon su a matsayin kayan tarihi. Wannan bai hana ka ajiye takobin kakanka a ɗaki ba. Abin da aka hana shi ne ka sayar wa wanda ba wakilin da hukuma ta amince da shi ba, ko a fitar da shi ƙasar waje ba da izini ba. Ashe ke nan dillalin da ke zagaya ƙauyuka yana sayen tsofaffin ƙyamare da littattafan malamai shi ne a bakin laifi, ba tsohuwar da ke zaune cikin soronta ba.

Amma ba zan ɓoye ba, tsoron Baba yana da ɗan tushe. Idan har aka kammala ayyana wuri, doka ta ce a biya mai shi diyya gwargwadon darajar wurin a ranar da aka ayyana, daga nan kuma haƙƙin mallakarsa ya faɗi. In bai yarda da kuɗin ba, kotu ce za ta raba gardama. A ganina nan ne dokar ta yi tsauri inda bai kamata ba. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da mutum a ciki, mai yin yaɓe kafin damina, mai share indararo, mai hawa soro ya toshe tsaga kafin ruwa ya samu hanya. Ka fitar da masu gida ka kafa allo, ka dawo bayan damina biyar ka ga abin da ya rage.

Sai batun hukunci, wanda shi ne abin dariya da takaici a lokaci guda. Wanda ya rushe, ko ya ɓata, ko ya sauya, ko ya haƙe wurin da aka ayyana da gangan, tararsa naira 1,000 ce ko ninki biyu na darajar wurin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa masa duka. A 1979 naira ta fi dala daraja, dubu ɗaya kuɗi ne na gaske. Yau ba ta kai rabin kuɗin buhun siminti ba. Wani zai ce ai ga ninki biyun nan, shi ne haƙorin dokar. To wa zai yi wa ganuwa kuɗi? Da kamu za a auna ta ko da tifa? Mai neman filin gidan mai ya san wannan lissafi sarai. Shi ya sa talaka ke rawar jiki kan dokar da ba ta ma shafe shi ba, mai hali kuwa ya yanki gefen badala ya dasa harsashi da rana tsaka. Duk wanda ya bi ta bakin badalar Kano ya ga yadda gine-gine suka cinye ta, alhali tana cikin jerin.

Masu cewa dokar ta hana gari ci gaba su ma sun yi nisa da yawa. Ba ta hana a ja titi ko a gina kasuwa ko asibiti ba. Abin da ta ɗaure shi ne taɓa wurin da aka ayyana, ko wanda aka riga aka buga sanarwarsa, ba tare da izinin hukumar ba. Sauran tsofaffin gine-ginen gari, ƙofar gari, marina, tsohon masallacin Juma'a, makomarsu na hannun gwamna da ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 su ta ba ikon ƙasa, har da ƙwace fili saboda amfanin jama'a. Wato in katafila ta nufo tsohuwar ƙofar garinku, ofishin filaye da na tsara birane na jiha za ku nufa, da fadar sarki, tun kafin a shafa jan fenti a bango.

Idan kuma wani ya zo da awo yana cewa daga hukuma yake, ka nemi takardarsa, ka tambaye shi ko an buga sanarwa, da ranar da aka buga ta, don daga ranar ne wata biyunka ke fara ƙirguwa. Baba dai yanzu shaguna uku ne a inda zauren yake, da rufin kwano. Biyu an kama haya. Shi kuma da azahar sai ya ɗauki tabarmarsa ya tafi zauren maƙwabci, wai can ya fi sanyi.