Me ake nufi da "antifungal" a jikin man shafawa?

Kalmar "antifungal" da ake gani a kwalin magani tana nufin mai kashe fangas, wato dangin funfuna da ke rayuwa a kan fata, musamman inda gumi da ɗumi suka haɗu. Su ne ke kawo makero, kyasbi, ƙaiƙayin matsematsi da tsagewar tsakanin yatsun ƙafa. Mayukan antifungal da aka fi samu a kemis su ne clotrimazole mai kashi 1 cikin 100 da miconazole mai kashi 2. Ba sa maganin ƙazuwa.

A wanke wurin, a tsane shi sosai, sannan a matso kamar rabin santimita, wanda ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu. A shafa sama-sama har ya ɗan zarce bakin wurin da ya kamu, safe da dare, a wanke hannu. Ƙaiƙayi kan lafa cikin 'yan kwanaki, kuma a nan mutane ke ajiye maganin alhali fangas ɗin bai mutu ba. Sai an yi aƙalla mako 2, na ƙafa kuwa har 4.

Ba duk jan ɗuwawun jariri ne fangas ba. Galibi fitsari da kashi ne suka ci fatar, kuma maganinsa yawan canza famfas ko nafkin, barin wurin ya sha iska, da man zinc oxide. Na fangas ja ne wur, yana shiga cikin lanƙwasar cinya, da ƙananan ɗige-ɗige a gefe, kuma yakan wuce kwana 3 bai sauka ba. Wannan ne ke buƙatar clotrimazole, bayan ma'aikacin lafiya ya duba.

Inda aka fi cutuwa shi ne man nan mai haɗin magunguna uku da ake sayarwa a matsayin maganin komai. A karanta jikinsa: in akwai betamethasone ko clobetasol, to akwai siteroyid mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi. Yana kwantar da ja nan take, uwa ta ɗauka an dace, amma fangas na yaɗuwa a ƙarƙashi, fata na yin siriri. A cikin famfas abin ya fi muni, domin rufin da danshin suna sa jikin jariri ya tsotsi maganin da yawa.

Ƙorar kai da fangas ɗin farce kuma shafawa ba ta kai musu, sai maganin sha irin su griseofulvin ko terbinafine, da izinin likita.