Halin Shiru-shiru

Halin shiru-shiru, a ilimin halayyar ɗan Adam, ɗabi'a ce ta mutumin da hankalinsa ya fi karkata ga abin da ke cikin ransa, wanda hayaniya da doguwar cuɗanya ke gajiyar da shi, sai ya keɓe kafin ƙarfinsa ya dawo. Kishiyarsa shi ne mai faran-faran, wanda taro ke ƙara wa kuzari. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung (1875–1961), ne ya yaɗa wannan rabe-raben a littafinsa na 1921 kan nau'o'in halayya. Shi kansa bai yarda akwai wanda ke gefe guda zalla ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna akasarin mutane a tsakiya suke.

Dalilinsa

Masanin halayyar ɗan Adam Hans Eysenck, haifaffen Berlin da ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayani a 1967 cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru dama a farke take fiye da ta sauran mutane, don haka hayaniya kaɗan ko cunkoso kaɗan ya ishe ta. Mai faran-faran kuwa tasa ba ta kai haka ba, shi ya sa yake neman inda ake hada-hada. Akwai wani gwaji mai ban dariya da aka yi amfani da shi: a ɗiga ruwan lemon tsami a harshen mutum, a auna yawun da ya zubo. Masu shiru-shiru sukan fi tara yawu. Ba kowane bincike ne ya mara wa Eysenck baya ba, amma ra'ayinsa ya buɗe ƙofar neman asalin halin a jiki.

Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya yi nasa binciken ne a kan jarirai. Daga 1989 ya gwada jarirai kimanin 500 'yan wata huɗu da baƙin sautuka da kayan wasa masu motsi. Kusan kashi 20 cikin ɗari suka yi ta kuka da wutsil-wutsil, kuma daga cikinsu aka fi samun yara masu ɗari-ɗari da baƙo. Wato jaririn da ya fi rigima shi ne sau da yawa ke tashi da sanyin hali. Duk da haka da dama sun sauya, domin tarbiyya da muhalli na da nasu rabon.

Abin da ake rikita shi da shi

Nan ne aka fi yi wa masu wannan hali rashin adalci. Mai jin nauyin mutane yana son shiga taro, tsoron abin da za a ce ne ke riƙe shi. Mai zurfin ciki ɓoye damuwarsa yake yi. Miskili kuwa da gangan yake share mutane. Mai shiru-shiru ba lallai ya zama ko ɗaya daga cikinsu ba. Zai je ɗaurin aure, ya gaisa da kowa, ya ci shinkafarsa, bayan awa guda a neme shi a rasa. Yana ɗaki ya kishingiɗa, ba wanda ya ɓata masa rai. Halin ba cuta ba ne, ya kuma bambanta da ciwon fargabar shiga mutane, wanda ke buƙatar ganin likita.

Tsara tunani

A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ƙiyasta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko sama ko ƙasa da biyu. Wani masanin, Nelson Cowan, ya rage shi zuwa kamar huɗu a 2001. Wannan iyaka ta shafi kowa, sai dai wanda ke jujjuya magana a zuci kafin ya furta ya fi jin nauyinta a taron da ake katse juna. Shi ya sa ake ba irinsu shawarar su zuba tunaninsu a takarda tukuna, su nemi a sanar da su batun zama tun da wuri, su kuma bar tazara tsakanin wannan taro da na gaba.