Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka kan gurbin jami'a: abin da ya haramta da abin da ya bari

Tun ranar 29 ga Yunin 2023, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan jami'ar Harvard da ta North Carolina, ake ta yamaɗiɗin cewa an rufe wa baƙar fata ƙofar manyan jami'o'in ƙasar, har wasu na bai wa ɗaliban Afirka shawarar su haƙura da neman gurbi. Wannan magana ba ta da tushe balle makama. Hana mutum karatu saboda launin fatarsa haramun ne a dokar ƙasar tun kafin wannan shari'a, kuma yana nan a haramce. Abin da kotun ta soke shi ne damar da jami'o'i ke da ita ta sanya launin fata cikin ma'aunin zaɓen ɗalibai, domin tallafa wa al'ummomin da bauta da wariya suka bari a baya.

Da ma damar ba ta taɓa zama sakaka ba. A 1978, a shari'ar Bakke, kotun ta rushe tsarin wata makarantar koyon aikin likita a Kalifoniya wadda ta keɓe kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru, amma ta yarda a duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. A 2003 ta sake tabbatar da hakan a shari'ar jami'ar Mishigan, inda Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta yi fatan cewa bayan shekara 25 ba za a ƙara buƙatar tsarin ba. Ba a kai ga wa'adin ba ƙungiyar Students for Fair Admissions, wadda ta shigar da ƙarar jami'o'in biyu, ta yi nasara, bisa ƙorafin cewa ana tauye 'yan asalin Asiya masu maki mai yawa. Alƙalai shida suka goyi baya, uku suka ƙi a shari'ar North Carolina. A ta Harvard kuwa shida da biyu ne, saboda Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta janye, kasancewar ta taɓa zama a majalisar sa ido ta jami'ar.

Hukuncin ya hau kan jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sai dai kotun ta ce ba ta yanke komai ba game da makarantun horar da hafsoshin soja.

Masu fargabar cewa za a kori ɗalibi ko a ɗaure wani su kwantar da hankalinsu. Wannan ba shari'ar laifi ba ce, kuma nauyin yana kan jami'a ne kaɗai. Wadda ta saɓa za a iya maka ta a kotu, ko kuma ta rasa tallafin tarayya ƙarƙashin Sashe na 6 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wanda ga jami'ar da bincikenta ya dogara da wannan kuɗi ba ƙaramar asara ba ce.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne sakin layin da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya sa kusa da ƙarshe. Ya ce babu abin da ya hana jami'a sauraron mai neman gurbi idan ya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, ko ta hanyar wariya ko ta ƙarfafa masa gwiwa. Nan take kuma ya ja kunnen jami'o'i da kada su fake da rubutun ɗalibai su dawo da abin da aka haramta ta bayan gida. Mutane da dama sun karanta rabi ɗaya suka bar ɗayan, shi ya sa wani ke cewa ambaton launin fata a takarda zai jawo a jefar da ita, wani kuma ke cewa babu abin da ya sauya.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu. Ta farko ta cike akwatin da ke nuna ƙabila, ta wuce. Jami'in tantancewa ba shi da hurumin ƙara mata komai saboda wannan akwati. Na biyu ya rubuta yadda malami ya hana shi shiga ajin lissafi na masu hazaƙa saboda zaton ba zai iya ba, da yadda ya riƙa koyo da kansa a ɗakin karatu har ya zarce 'yan ajin. Jami'in zai iya yaba masa, amma saboda naci da jajircewar da labarin ya nuna. A takarda bambancin a fili yake. A cikin zuciyar mai karanta dubban takardu kuwa, raba mutum da fatar da aka wulaƙanta shi dominta aiki ne mai wuya, kuma a nan ne ake sa ran sababbin ƙararraki za su riƙa ɓullowa.

Ƙorafin 'yan asalin Asiya yana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai yi watsi da shi. Amma abin lura ne cewa hukuncin bai taɓa fifikon da ake bai wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu ba da gudummawa ba, alhali bayanan da aka fitar a shari'ar Harvard sun nuna kusan kashi 43 cikin ɗari na fararen fatar da aka ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin sunaye na musamman na shugabannin jami'ar. Jihohi irin su Kolorado da Bajiniya da Kalifoniya sun ɗauki matakin hana wannan fifiko da dokokinsu, amma a yawancin ƙasar halas ne. Game da tasirin hukuncin kuwa, a jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts, baƙar fata sun kasance kashi 5 cikin ɗari na rukunin farko da aka ɗauka bayan hukuncin, alhali a shekarun baya sukan kai kusan kashi 13.