Tarin da ke dawo da yaranmu asibiti

Da hunturu ya kama Accra, layin masu tari a ɗakin shan maganinmu na Nima yakan kai har bakin ƙofa. Kowa ya ɗora wa ƙurar hunturu laifi. Tana da nata, amma ƙura baƙuwa ce, wata uku ta tafi. Hayaƙi kuwa ɗan gida ne.

Makon jiya wata mai koko da ƙosai ta kawo ɗanta karo na huɗu cikin wata biyu, ƙirjinsa na fito kamar usur. Na ce, "Hajiya, ina yake zama in kina suya?" Ta ce a bayanta yake, goye. Tun asuba tana kan kurfoti, wato murhun gawayi, a lungun da ba taga, dare ya yi kuma a kunna maganin sauro a rufe ɗaki. Da na share masa hanci, audugar baƙi ƙirin ta fito.

Abin da ya fi illa ba ya ma tsayawa a hanci. Burbushin hayaƙi ne da ido ba ya gani, wanda likitoci ke kira PM2.5, yana wucewa cikin huhu ya shiga jini. Shi ke tayar da asma, ya jawo wa yara ciwon haƙarƙari, manya kuma ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa gurɓatar iska na kashe mutum wajen 28,000 a shekara a Ghana.

Gwamnati ta taɓuka, kada mu ci haƙƙinta. A 2017 an rage sinadarin sulfa, mai gurɓata hayaƙin mota, a man da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. A 2018 Accra ta shiga shirin BreatheLife na tsabtace iskar birane, kuma hukumar kare muhalli ta EPA na da na'urorin auna iska a wasu unguwanni. A watan Yulin 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, inda matasa, da yawansu 'yan arewa, ke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe. Sai dai a ganina rusau bai kashe wutar ba, warwatsa ta ya yi, domin wanda cikinsa ke nan zai nemi wani kangon ya kunna. Tsofaffin motocin haya na trotro ma na nan suna feso mana baƙin hayaƙi a titin Kanda. Ana kuma ta kiran mata su koma gas, alhali mai ƙosai da kuɗin tukunyar take lissafi.

Kafin a kai ga wannan, ga na hannunmu. A fito da kurfoti tsakar gida, a sauke yaro nesa da wuta. Gidan sauro ya fi maganin sauro na kunnawa, kuma masu ciki na samunsa kyauta wajen awo. Shara, musamman leda da roba, a bai wa masu kwasa, dokar hukumar birnin Accra (AMA) ma ta hana ƙona ta. Mahautanmu masu babbake ganda da taya, don Allah ku tausaya wa huhunku da na maƙwabta.

In kun ga yaro yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya jiƙo ko sirof na kemis. A ɗauko katin inshorar lafiya a kawo shi a ranar, ko da dare ne.