Ƙirƙirar Wasanni Don Sha'awa

Ƙirƙirar wasanni don sha'awa ita ce mutum ya riƙa amfani da lokacin hutunsa yana tsara sabon wasa, na karta, na allo ko na kwamfuta, ba tare da wani ya ɗauke shi aikin ba. Ainihin abin da yake ƙerawa dokoki ne: mutum nawa za su buga, me kowa zai iya yi idan layi ya zo kansa, me aka hana, kuma yaya ake cin wasa. Zane da launi da kwalin da za a zuba kayan duk daga baya suke zuwa.

Yadda ake farawa

Galibi ana farawa ne da gyara wasan da ake da shi. Duk majalisar da ta taɓa sauya dokar Whot ko ludo don ta dace da ita, ta ɗan taɓa wannan aiki ko da ba ta sani ba. Haka wasan Uno ya samo asali a 1971. Merle Robbins, mai shagon aski a garin Reading na jihar Ohio a Amurka, ya yi gardama da ɗansa kan dokokin wani wasan karta mai suna Crazy Eights, sai ya tsara nasa katunan, ya sa maɗaba'a ta buga masa kwali 5,000, ya fara sayarwa a shagonsa.

Kayan aikin ba su da tsada: takarda, biro, almakashi, kwali da murafun kwalba. Masu wannan sha'awa sukan ba sabon shiga shawarar kada ya ɓata lokaci wajen ƙawata samfurin farko, domin wanda ya kwana yana zana kati da kyau zai ji ciwon yaga shi idan dokar da ke kai ta ƙi aiki.

Inda daɗin yake

Mafi yawan daɗin yana wurin gwaji ne. Mai ƙirƙira ya tara 'yan'uwa ko abokai, ya bayyana musu dokoki, sannan ya koma gefe ya zuba ido. Nan take aibin wasan ke fitowa: wanda ya fara bugawa shi ke ci kullum, ko wanda ya shiga gaba tun farko ba a iya kamo shi, ko kuma wani ya fita da wuri ya zauna yana hamma. Sai a sauya lamba ɗaya, a cire kati biyu, a sake zama. Wasa ɗaya yakan sha irin wannan gyara sau da dama kafin ya daidaita, wasu kuma ba sa daidaita sam, sai a jefa su a akwati. Akwai wani matakin gwaji da ya fi zafi, inda ake miƙa wa baƙi rubutattun dokoki kawai, mai wasan ya yi gum ko da yana ganin sun fahimce su a baibai.

Abin da ke riƙe mutane a wannan aiki shi ne yadda ƙaramar doka ke haifar da dabarun da wanda ya kafa ta bai hango ba. Dara ta isa misali. Jera ƙwaya uku ci ne, jera huɗu kuwa ba ya ci, kuma wannan hani kaɗai ya sa ɗan wasa yake lissafin inda zai ajiye kowace ƙwaya tun daga zubin farko. Ba a san wanda ya fara kafa dokar ba, amma ko wane ne ya san abin da yake yi. Ranar da wani ya doke mai ƙirƙira a wasansa da dabarar da bai taɓa tunani ba, a nan ne yake sanin wasan ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma daɗin lissafi. Alfred Butts, mai zanen gine-gine da ya rasa aiki a shekarun 1930 lokacin karyewar tattalin arzikin Amurka, ya zauna yana ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jaridu, ciki har da New York Times. Da wannan ƙidaya ya raba maki: harafin E mai yawan fitowa maki 1, Q da Z maki 10. Wasan ne James Brunot ya fitar da sunan Scrabble a 1948.

Daga sha'awa zuwa kasuwa

Klaus Teuber ya kasance mai ƙera haƙoran roba a kusa da Darmstadt a Jamus. Bayan tashi daga aiki yakan shige ɗakin ƙasa na gidansa yana tsara wasanni, yana gwada su da matarsa da 'ya'yansa. Wasansa Catan ya fito a 1995, ya ci kyautar Spiel des Jahres, wato kyautar gwarzon wasan shekara ta Jamus, a wannan shekara. Leslie Scott kuwa ta fitar da Jenga a Landan a 1983, daga wasan da iyalinta ke yi a Ghana da guntayen katakon da aka samo a Takoradi.

A ɓangaren kwamfuta, Alexey Pajitnov ya rubuta Tetris a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a gefen aikinsa na cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyyar Tarayyar Sobiyat. Eric Barone ya shafe fiye da shekara huɗu shi kaɗai yana haɗa Stardew Valley, zane da kiɗa da komai, kafin ya fito a 2016. Manhajoji na kyauta irin su Scratch da Godot sun sauƙaƙa shiga fagen, sannan akwai gasar gaggawa kamar Ludum Dare, da aka fara a 2002, inda ake ba da jigo a ce mutum ya gama wasa cikin awa 48.

Waɗannan sunaye tsiraru ne. Akasarin wasannin da ake ƙirƙira ba sa wuce teburin gida. Ko wanda wasansa ya karɓu ma ba lallai ya ci moriyarsa ba. A dokar Amurka haƙƙin mallaka yana kare rubutu da zanen wasa ne, ba ya kare tsarin buga shi. Lizzie Magie ta yi rajistar The Landlord's Game a 1904 don nuna illar mallake filaye a hannun 'yan kaɗan. Daga wannan wasa nata Monopoly ya tsiro, kuma a 1935 kamfanin Parker Brothers ya sayi sabuwar rajistar da ta yi masa a 1924 a kan dala 500. Shi ma Pajitnov bai fara karɓar kasonsa na cinikin Tetris ba sai 1996.